Lambar da Na Sauya a Katin Asibiti

Edita, gaisuwa mai yawa gare ka da masu karatu. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai a garin Gaya. Na gama firamare ban ci gaba ba, sai na kafa ɗan tebur a gindin wata darbejiya kusa da tasha ina rubuta wa mutane wasiƙa. Da damina in yi noma a gonarmu ta gado tare da mahaifina, ranar kasuwa in zauna a teburina. Hannuna yana da kyau, wannan kam kowa ya shaida, kuma ina da alƙalami mai shan tawada da nake maƙalawa a aljihun gaba don a gani. Amma abin da ya fi cika mini kai shi ne ƙananan littattafan nan da ake bajewa a bakin tasha a Kano, waɗanda direbobi ke kawo mini, wasu da Hausa, wasu da Turancin mutanen kudu. A cikinsu saurayi ba ya ciwo. In ma ya ji rauni sai ya ɗaure wurin da ƙyalle ya ci gaba, budurwa tana kallo tana share hawaye. Na karanta su har na haddace, har na fara jin kamar ni ma akwai wani can yana rubuta labarina, kuma bai kamata in ɓata masa shi ba.

Yarinyar da nake so 'yar Gafasa ce, can ƙasar Ajingi. Asalin gidansu mutanen gabas ne, amma tun kakanni suke zaune a nan suna noma suna ɗan fatauci. A kasuwar Ajingi na fara ganinta, tana sayar wa mahaifiyarta man gyaɗa. Na jingine kekena na tsaya a gabanta na zuba mata abin da na haddace, cewa idanunta sun hana taurari aikinsu, kuma tun da na gan ta abinci ya daina yi mini daɗi. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce in mai zan saya in miƙo kwalba, in kuwa wa'azi nake yi in matsa gefe, na tare mata masu ciniki. Ranar na sayi man da gidanmu ba ya buƙata, na tuƙo keke har Gaya ina dariya ni kaɗai. Tun daga nan ta raɗa mini suna Malam Alƙalami, ba ta kuma taɓa kirana da wani suna ba.

Magana ta yi nisa, manya suka shiga, aka kai gaisuwa aka karɓa. Mahaifinta dattijo ne marar yawan magana. Ya yi karatun allo mai zurfi, shi yake dafa tawadarsa da kansa, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba. Abin da ya rage kafin a sa ranar aure shi ne gayyar suruki. A wajenmu wanda aka yi wa alkawarin yarinya yakan tara abokansa su je gonar uban su yi masa aikin yini guda, shi kuma saurayin ya shiga gaban sahu, mutanen gari su ga irin hannun da za a ba 'yarsu. Tawa gayyar ta faɗo kan cirar gyaɗa, ita kuwa ba a ɗaga mata rana. In ruwa ya ɗauke ƙasa ta ƙanƙame, rabin 'ya'yan a ciki za su zauna. Dattijo ya sa rana, saura mako uku. Na bi gida gida na gayyaci samari, na yi magana da mai gangar noma. Kullum in na rufe ido sai in ga kaina a gaba, garma tana walƙiya a hannuna, ita kuma tana tsaye a bakin gona da ƙwaryar fura a ka.

Kwana biyu da sa ranar na je kasuwar Ajingi. Da la'asar samari suka kafa langa a filin bayan kasuwa, wasan nan da kowa ke riƙe ƙafa ɗaya da hannu yana tsalle da ɗayar ana ture juna. Rabona da langa tun ina makaranta. Amma na hango ta tana haɗa kwalabenta tana kallon filin, sai na tuɓe riga na miƙa wa aminina, wanda muka tashi tare tun muna yara. Ya ce in rufa wa kaina asiri, ni da sana'ata zaman kujera ce. Ban saurare shi ba. Kuma wallahi da farko abin ya yi kyau. Na kayar da mutum biyu, fili ya ɗauki sowa, na ji kamar ƙasa ce ke cilla ni sama. Na waiwaya in ga ko tana gani, daidai lokacin wani ƙato ya bangaje ni, ƙafar dama da nake tsaye a kanta ta faɗa wani ɗan rami ta lanƙwashe ciki. Na ji abu ya tsinke a idon sawuna kamar an katse igiyar guga. Kafin a ɗaga ni wurin ya kumbura ya yi baƙi. Abin da na fara tambayar aminina shi ne ko ta ga lokacin da na kayar da na biyun.

Washegari aka kai ni wurin mai ɗori a Gaya. Tsohon ya tofa addu'a, ya lalluba, ya kama diddigen ya ja, sai ga ƙafar tana tafiya a hannunsa kamar ƙyauren da ƙusarsa ta fita. Ya ce da mahaifina ƙashi lafiyarsa ƙalau, jijiyar da ke riƙe da gaɓar ce ta tsinke, shi kuwa haɗa ƙashi ya gada, bai gaji ɗinki ba, a kai ni birni. Allah ya ji ƙansa, ya faɗi gaskiya. Malamin ɗakin shan magani ya ba mu takarda, ni da aminina muka hau bayan babbar mota zuwa Kano. Kada ka ɗauka baƙin ciki nake yi a hanyar nan, Edita. Murna nake yi. A littattafaina duk jarumin kirki sai ya leƙa asibiti sau ɗaya, kuma daga nan ne soyayya ke ƙara zaƙi. Ina zaune a kan buhuna, ƙafa tana zugi, ina tsara yadda zan ba ta labarin.

Asibitin ya burge ni ƙwarai, warin magani, fararen kaya, da injin da ya ɗauki hoton ƙasusuwana ba tare da an yanka ni ba. Likitan wani dogo ne mai tabarau, mai saurin magana. Ya hana aminina shiga, ya ɗaga hoton a haske, ya ja diddigen kamar yadda mai ɗori ya yi, ya ce jijiyoyi biyu sun tsinke gaba ɗaya, sai an yi tiyata an ɗinke su. In dawo bayan kwana goma kumburi ya saɓe, a yi aikin, sannan a sa mini siminti na mako shida ban taka ba. Ya ja mini kunne cewa in na ci gaba da takawa, bakunan jijiyar za su ja baya har a rasa abin kamawa. Na yi lissafi a zuci, na ce da shi ranka ya daɗe ina da gayya. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce gyaɗa za ta sake fitowa baɗi, amma bai taɓa ganin ƙafa ta sake fitowa ba. Ya rubuta abin da zai rubuta a wani babban littafi ya ce a kira na gaba.

Daga nan aka tura ni wurin akawun kati, wani dattijo mai furfura a gemu, tsaf-tsaf da shi, zaune a bayan taga. A bangon bayansa an manna wata doguwar takarda mai layi-layi. Da ya ga alƙalami a aljihuna sai ya ce ashe abokin sana'a ne, ya shiga yi mini bayani da alfahari. Ya ce a asibitin nan kowane aiki da lambarsa, tun daga cire ƙaya har zuwa fasa ciki. Likita ya rubuta nasa a babban littafi, shi kuma ya duba takardar bango ya fitar da lambar ya sa a katin majinyaci, daga nan babu mai sake komawa ya dami likita. Mai karɓar kuɗi lambar zai duba ya san abin da zai karɓa, mai sito ita zai duba ya fitar da zare ko siminti, masu ɗakin kwanciya ita za su duba su ajiye gado. Ya ce shekarunsa a kan kujerar nan sun fi nawa a duniya, bai taɓa ɗora wa wani lambar wani ba. Sannan ya tsoma alƙalami ya rubuta mini arba'in da ɗaya, wato ɗinkin jijiyar idon sawu, ya busa tawadar, ya miƙo mini. Ya kira ni ɗan samari, ya ce in riƙe katin da kyau, ƙafata ce a rubuce. Yana magana idona yana kan takardar bangon. 'Yan layuka ƙasa da tawa na ga arba'in da bakwai, targaɗe, a ɗaure da bandeji a sallama.

Na koma kan benci na zauna. Aminina ya tafi sallar azahar, ya ce zai biya ya sayo mana abinci. Sai ga wani ɗan dako ya fito daga ɗakin diresa, mai wanke ciwo da ɗauri, ƙafarsa naɗe da farin bandeji, ya zauna kusa da ni yana fara'a. Ya ce buhu ne ya zame da shi, an ce masa nan da mako biyu zai koma ɗaukar kaya. Na roƙi katinsa na duba, arba'in da bakwai. Na dubi ƙafarsa na dubi tawa. Tasa ta kumbura, tawa ta kumbura. Na dubi katina. Tsakanin ɗayan da akawu ya rubuta da bakwai ɗin ɗan dako babu komai sai ɗan kara guda a kai, wanda bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Zuciyata ta shiga bugawa, ba don tsoro ba, don daɗi. Na ce wannan shi ne wurin da jarumi ke ƙin abin da aka rubuta masa ya rubuta nasa. Na ce ai ba ƙin aikin na yi ba, in an gama gayya zan dawo da kaina a yi mini arba'in da ɗayan a tsanake. Na zaro alƙalamina, na ɗora katin a kan gwiwa, na ja karan. Har na tsaya ina yaba kyan bakwai ɗin.

Abin ya tafi daidai yadda akawu ya faɗa. Mai karɓar kuɗi bai ko ɗago kai ba. Diresa ne kaɗai ya tsaya, ya danna wurin na ƙame, ya ce wannan targaɗe uban targaɗe ne, ya sake duba katin har sau biyu, sannan ya ce to likita ya fi shi sani. Ya naɗa mini bandeji ya ba ni ƙwayoyi ya ce in huta. Da aminina ya dawo na ce masa likita ya ce targaɗe ne kawai. Ya yi hamdala, amma ya tambaye ni maganar mai ɗori fa. Na ce mai ɗori yana da injin hoto ne? A bayan mota muna komawa har waƙa na yi. Abin da na gaya wa aminina shi na gaya wa iyayena, mahaifiyata ta yi sadakar ƙosai.

Ranar da ta cika kwana goma, ranar da aka ajiye mini gado a birni, ni ina bayan keken aminina za mu Gafasa zance. Kumburi ya ragu, ina iya dogarawa da sanda, ko da yake duk takun da na yi sai in ji gaɓar tana zamewa a ciki. Yarinyar ta fito ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta dubi ƙafar ta ce wa ya naɗa wa kabewa rawani. Sannan ta daina dariya, ta ce Baba ya ce a gaya mini ba dole ne in shiga sahu ba. Aminina ya ja gayyar, ni in zauna a gindin tsamiyar da ke bakin gona in riƙa yi wa mutane sannu, an taɓa yin haka a garin, babu wanda zai ce komai. Edita, ƙofa ce aka buɗe mini har da shimfiɗa. Amma ni sai na gyara murya na ce namijin da zai zauna a inuwa wasu suna zuba gumi saboda amaryarsa bai cancanci ko kallonta ba, gara in bar ƙafata a gonar mahaifinta. Ta ce mahaifinta gyaɗa yake shukawa, ba ƙafafu ba, kuma Malam Alƙalami ya sani ita ba garma za ta aura ba. Aminina ya yi dariya har da buga cinya. Ni kuwa na dawo gida ina cewa gwada ni take yi, haka suke yi a littafi.

Ranar gayya ta zo, kuma har gobe ban ga safiya mai kyanta ba. Mun isa gona rana tana fitowa, samari sun cika alkawari, kowa da garmarsa a kafaɗa, ƙasa da sauran danshi tana ƙamshi. Na naɗe idon sawuna da bandejin, na bi shi da robar tayar keke na ɗaure tamau har yatsuna suka yi sanyi, na jefar da sanda a cikin ciyawa tun kafin mu shiga gari. Mai ganga ya saki kiɗa, ya kama yi mini kirari, yana cewa ga mai rubutu da alƙalami ya zo rubutu da garma. Tsigar jikina ta tashi. Na shiga gaba na sara, gyaɗa ta fito jingim da 'ya'yanta, na wurga baya, samari suka biyo ni da ihu. Layin farko na kai ƙarshe kafin kowa. Na biyu ma haka. Ciwon yana nan kamar ana soka mini tsinke, amma kiɗan ya fi shi ƙarfi. Na hango dattijo a gindin tsamiya yana kallon ƙafata, ba ya kallon garmata, ban damu ba.

Da hantsi ya dubi ludayi mata suka ɓullo da abinci, tana gabansu da ƙwaryar fura a ka, daidai yadda na yi ta gani in na rufe ido. Mai ganga ya gan ta ya ƙara wuta. Ni kuwa sai na ga tafiya a ƙasa ta yi mini kaɗan. Na ɗaga garma sama na daka tsalle zan tsallake layi biyu lokaci ɗaya, na dira a kan ƙafar dama. Robar ba ta tsinke ba, ƙafar ce ta juye a cikinta, tafin ya dubi gefe. Na ji ƙara, na ga sama ta yi fari. Gangar ta yi shiru. Da na buɗe ido bakina cike da ƙasa, abin da na fara gani shi ne ƙwaryar fura a fashe a bakin gona.

A amalanke aka fitar da ni zuwa hanyar mota. Dattijo ya ce tun da a gonarsa abin ya faru, ƙafarsa ƙafata har birni, ya bar wa ƙannensa sauran aikin. Da safe aka shigar da ni gaban likitan nan mai tabarau, ya gane ni nan take. Ya ce ina na shiga, an ajiye mini gado kwana biyu ana kiran sunana. Na miƙa masa kati. Ya ga arba'in da bakwai, ya sa aka ɗauko babban littafi, ya ga abin da ya rubuta da hannunsa, ya aika a kira akawu. A gaban nas-nas da majinyata ya rufe tsohon nan da faɗa, ya ce ya nakasa yaro da ɗanyen aikinsa, yau ɗin nan zai rubuta wa ofis a ɗauke shi daga kujerar. Akawu ya karɓi katin, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, ya ce rubutunsa ne ba zai musa ba, amma bai san yadda aka yi ba, wataƙila tsufa ne ya kama masa ido bai sani ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ni ina kwance na yi shiru. Kuma wannan ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa: na ɗan ji daɗi. Na ga labarin ya gyaru da kansa, na zama jarumin da aka zalunta, wanda ya yi gayya da tsinkakkiyar jijiya bai sani ba.

Sai dattijo, mahaifin yarinyar, ya matso ya ce likita ya yi haƙuri, a ba shi takardar ya gani. Likita ya tambaye shi ko Baba yana karatun boko ne. Ya ce a'a. Ya karɓi katin ya je bakin taga, ya karkata shi a hasken rana, ya juya, ya sake karkatawa. Katin ya sha gumi a aljihuna mako biyu da rabi. Ya dawo bakin gadona ya sa mini shi a hannu, ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce ɗana, shi bai san abin da aka rubuta ba, amma ya san tawada. Jikin baƙin nan tawadarsa tana nan baƙa yadda take, ɗan karan da ke kansa kuwa ya jiƙe ya koma shuɗi, ba tukunya ɗaya aka dafa su ba. Ya dubi alƙalamin da ke maƙale a aljihuna, ya ja da baya, ya harɗe hannuwa yana jira.

Na san in na yi shiru ba zai tona ni ba, ba halinsa ba ne. Na kuma san a tsayuwar nan tasa ake yanke maganar 'yarsa. Na nemi kalamai masu daɗi irin na littafi, ko ɗaya bai zo ba. Na ce likita ya dakata, Malam akawu arba'in da ɗaya ya rubuta, ni na mayar da ita bakwai a kan benci, da wannan alƙalamin. Likita ya cire tabarau ya dube ni tsawon lokaci, ya faɗi wata magana da Turanci wadda na gane amma ba zan maimaita ba, sannan ya juya ya ba akawu haƙuri a gaban mutanen da ya yi masa faɗa a gabansu. Akawu ya nemi benci ya zauna. Bai zage ni ba. Cewa ya yi alhamdu lillahi, ashe idonsa yana nan. Ya mayar da hularsa.

An yi mini aikin bayan kumburi ya saɓe, amma ba arba'in da ɗaya ba ce kuma. Bakunan jijiyar sun ja baya kamar yadda aka faɗa mini, ga ɓallin ƙashi da tsallen ya ƙara, sai da aka nemi wata lambar can ƙasan takarda. Akawu da kansa ya kawo sabon katin har gadona. Ya rubuta lambar da alƙaluma, ya kuma rubuta ta da kalmomi a ƙasa, ya ce tun daga ranar haka yake yi wa kowa, ni na koya masa. Kafin ya miƙo mini sai da ya ce da aminina ya riƙe mini alƙalamina tukuna, kada abokin sana'a ya ji ƙaiƙayin hannu. Na roƙe shi gafara ina kuka, ya ce ya yafe, in dai zan bar bakwai ta huta. Wata uku na yi da siminti maimakon mako shida. Da aka fasa shi, gaɓar ta ƙage, ba ta lanƙwasuwa sai kaɗan. Likita ya ce ya yi iyakar abin da na bar masa.

Dattijo bai fasa ba ni 'yarsa ba, amma ya ɗaga maganar shekara guda. Ya aiko wa mahaifina cewa da na yi shiru a ɗakin nan da shi kaɗai zai koma Gafasa da maganar, tun da na buɗe baki, a bar yaro ya warke ya kuma yi hankali. Da kaka ta zagayo aka sake gayya. Aminina ne ya shiga gaban sahu, mai ganga ya yi masa kirari, ni kuwa aka shimfiɗa mini buzu a gindin tsamiyar nan, sandata a gefe, ina yi wa mutane sannu. Da hantsi ta ɓullo da sabuwar ƙwarya, ta wuce masu aiki ta zo ta durƙusa ta ajiye a gabana. Ta ce Malam Alƙalami, bara ma nan ta yi niyyar kawo mini ita, da na zauna.

Yau muna da jikoki, kuma ban sake shiga sahun gayya ba, ban sake gudu ba, in hadari ya haɗu ƙafar ce ke fara gaya mini. Katin yana nan a cikin akwatina, karan da na ja ya kusa gogewa, ɗayan akawu kuwa yana nan raɗau. Abin da na koya shi ne lambar da ke kan takardar asibiti ba ado ba ce. Mutane da yawa da ba su san ka ba za su yi aiki da ita a jikinka bisa amana, kuma akwai wani bawan Allah da mutuncinsa ke rataye da ita. Ina kira ga masu karatu, musamman samari masu ɗan ilimi a hannu da soyayya a ka: in likita ya rubuta, kada ku gyara masa, in ba ku gane ba ku koma ku tambaya, in ranar da ya sa ta ci karo da taku ku ɗaga taku. In kuma wadda kuke so ta ce ku zauna a inuwa, ku zauna. Ni ma inuwar na zauna daga ƙarshe, sai dai na biya ta da ƙafa.